Bitar Player's Handbook na 2014: katanga mai labule bakwai da gardamar da take kawowa teburin wasa

Littafin 'yan wasa na Dungeons & Dragons, bugu na biyar, wanda kamfanin Wizards of the Coast ya fitar a 2014, shafi 320 ne, kuma kusan rubu'insa bayanin sihirce-sihirce ne. Dala 49.95 aka yanka masa a Amurka. A Zariya ba littafin da za ka shiga kantin littattafai a Sabon Gari ka gani a kan kanta ba ne, sai dai oda ta intanet ko sautu wurin mai dawowa daga waje. Ga wanda bai san wasan ba: da baki ake yin sa, da takarda da biro da dayis. Mutum ɗaya ke jan labari, sauran kowa ya riƙe jaruminsa. Sihirin da ke ciki lissafi ne tsantsa a kan takarda, kuma ba a sa kuɗi, don haka ba shi da haɗi da caca.

Ba za mu bi littafin shafi-shafi ba. Sihiri guda muka zaɓa, Prismatic Wall, wanda za mu kira katangar bakan gizo, domin a cikinsa ake ganin gwanintar marubutan da sakacinsu wuri ɗaya.

Sihirin mataki na 9 ne, ƙololuwa ke nan. Masihirci, wato jarumi mai sihiri, ba ya samun gurbin jefa shi (damar amfani da shi) sai shi kansa ya kai mataki na 17 a matakan jarumai, wato ya tara makin gogewa 225,000, kuma gurbi ɗaya tal yake da shi kafin ya yi dogon hutu. Idan ya jefa, katangar haske ce ke tashi a wurin da yake gani cikin tazarar ƙafa 60: tsawonta har ƙafa 90, tsayinta ƙafa 30, kaurinta inci ɗaya, kuma ba a ganin abin da ke bayanta. Yana iya murɗe ta ta zama dunƙule mai faɗin ƙafa 30. Minti 10 take yi. Da yake zagaye ɗaya na faɗa daƙiƙa 6 ne, zagaye 100 ke nan, kuma babu faɗan da ke kaiwa can. Babban abin da ya sa take da daraja shi ne ba ta buƙatar tattara hankali. Yawancin sihirin kariya masu ƙarfi, da an maki masihirci hankalinsa ya rabu sai su rushe, kuma ba ya iya riƙe biyu lokaci guda. Wannan kuwa da ta tsaya ta tsaya, shi kuma ya ci gaba da wani aikin.

Tun kafin a taɓa ta take fara cizo. Duk maƙiyin da ke ganinta, ya matso cikin ƙafa 20 ko ya fara juyinsa a nan, sai ya yi jifan tsira na juriyar jiki, wato ya jefa dayis mai fuska ashirin a ga ko zai kuɓuta, in ya faɗi ya makance na minti ɗaya. Wanda ya ce sai ya ratsa, labule bakwai zai bi ɗaya bayan ɗaya, kowanne da jifan tsira na zafin nama. Biyar na farko lahani suke yi: ja wuta, ruwan lemo asid, rawaya tsawa, kore dafi, shuɗi sanyi. Kowanne dayis goma masu fuska shida, irin na lido, matsakaicinsu 35, wanda ya tsira ya sha rabi. Na shida, mai ruwan baba, ba ya duka, ɗaurewa yake. Wanda ya faɗi a nan ba ya iya gusawa daga inda yake, zai riƙa jifan juriya a ƙarshen kowane juyinsa: nasara uku ta sake shi, faɗuwa uku ta mai da shi dutse, kuma ba lallai su zo a jere ba. Na bakwai, shunayya, yana makantarwa, sannan a farkon juyin masihirci na gaba a yi jifan basira. In aka faɗi, an wulla mutum wata duniyar da mai jan wasa ya ga dama.

Bari mu sa lamba. Masihirci a mataki na 17 mai cikakken kaifin ƙwaƙwalwa, makin da za a cimma don tsira daga sihirinsa 19 ne. Dodon da ke da ƙarin 2 a zafin nama sai ya jefa 17 ko sama a dayis mai fuska ashirin, sau ɗaya cikin biyar ke nan. A matsakaici zai sha lahani wajen 157 kafin ya iso labule na shida. Amma ɓarawo ko ɗan dambe da ya ƙware a goce-goce, wanda dokarsa ta ce in ya tsira ba ya shan komai, in ya faɗi ya sha rabi, da ƙarin 11 zai wuce labule biyar ɗin da lahani wajen 30 kacal. Abin da ke tsare shi su ne biyun ƙarshe, inda damarsa ta wuce su lafiya ba ta kai rabi ba. Wannan tsari ya burge mu. Mai ƙiba da yawan rai, labulen farko su cinye shi. Mai santsi kamar tarwaɗa, na ƙarshe su jira shi.

Inda marubutan suka fi nuna basira shi ne yadda ake rushe ta. Kowane labule da mabuɗinsa, kuma dole a bi tsari daga ja zuwa shunayya, ba tsallake. Ja yana faɗuwa da lahanin sanyi 25. Ruwan lemo iska mai ƙarfi ke ɗauke shi. Rawaya sai lahanin zallan ƙarfi 60. Kore sai sihirin huda bango, Passwall, ko makamancinsa. Shuɗi lahanin wuta 25. Ruwan baba hasken sihirin Daylight. Shunayya kuma Dispel Magic, mai warware sihiri. Duk mabuɗan nan ƙananan sihirce-sihirce ne in aka kwatanta da katangar, amma kowanne yana cin juyi guda, kuma ba a hannun mutum ɗaya suke ba. Passwall na masihirci ne shi kaɗai, Daylight kuwa ba ya cikin jerinsa, sai a nemi mai sihirin daji ko wani aji, ko shi ya ƙona sihirin mataki na 6 mai haske irin wannan. Sannan lambobin ba a banza aka zaɓe su ba. Dunƙulen wuta da kowa ke ji da shi, Fireball, dayis takwas ne, matsakaici 28, kuma kusan sau ɗaya cikin huɗu yakan gaza kai 25. Ka ga an kai labule na biyar, an jefa wuta, an ƙirga an samu 23, tebur ya yi tsit.

To amma fa littafin ya bar ramuka, kuma a nan ake ɓata dare guda ana musu. Bai ba katangar makin sulke (makin da sai an cimma kafin hari ya same ta) ko makin rai ba, alhali sihirce-sihirce da yawa masu lahani, irin su Magic Missile mai harba ƙananan kibau na zallan ƙarfi, dokarsu ta ce halitta ake nufa da su. Shin ana iya harbin katanga da su? Shiru. Lahani 60 na rawaya, a bugu ɗaya ake so ko ana tarawa? Shiru. In bugu ɗaya ne, kusan sai Disintegrate, mai matsakaicin 75. In ana tarawa, ƙananan kibau ma za su yi a hankali. Mafi zafi ita ce maganar turi. Nassin ya yi magana a kan wanda ya yi yunƙurin ratsawa. Wanda aka hankaɗa ciki fa, ko aka ɗaga shi da sihiri aka jefa? Nan za ka ji wani ya ce, "Malam, ai ya ratsa, a jefa masa dayis hamsin ɗinsa," mai jan wasa kuma ya ce, "Ɗan'uwa, karanta da kyau, bai yi niyya ba." Ra'ayinmu a bar turin ya yi aiki, amma sau ɗaya a kowane zagaye, in ba haka ba sihirin kariya ya koma injin niƙa, kowane babban dodo a gama da shi da dabara guda. Haka maganar ɓacewa a bayyana a wancan gefen: Misty Step ba ya yi, don sai ka ga inda za ka sauka. Dimension Door ba ya buƙatar gani, labulen ruwan baba kuma ya hana jefa sihiri ta cikin katanga, sai kowa ya kama nasa fassarar. Kwafin farko-farko na littafin har sun ambaci wata sanda mai soke sihiri da babu ita a littafin mai jan wasa na bugu na biyar, daga baya aka cire ta a gyara. Wannan sakaci ne ƙarara.

Akwai kuma kurakuran da laifin mai jefawa ne. In layin katangar ya bi ta kan inda wata halitta ke tsaye, sihirin ya lalace, juyi da gurbi duk sun tafi. Abokan da za su ratsa lafiya a lokacin jefawa ake ambatar su, wanda aka manta zai makance ya ƙone kamar maƙiyi. Kariyar kuma ba ta san nata ba: ja yana tare kibau na yau da kullum, ruwan lemo yana tare harbin sihiri, daga kowane ɓangare, don haka maharbinku da ke ciki ya zama ɗan kallo. Dabarar da aka saba ita ce a fito a yi harbi a koma, maƙiyi mai wayo kuma ya ɗana makaminsa yana jiran fitowar. Katanga miƙaƙƙiya a fili kuwa kamar ragowar ganuwar Zazzau ce a yau, ana zagaye ta ta inda ta yanke. Mai fuka-fuki ya haura ƙafa 30, mai tona ƙasa ya bi ta ƙasa. Wurinta rami, ƙofa ko gada. A sarari dunƙule ya fi.

A kan tebur, in kowane murabba'i ƙafa 5 ne, katangar murabba'i 18 ce, dunƙulen 6, yankin makanta 4 daga jikinta. Dodo ɗaya da zai ratsa yana cin jifan tsira bakwai da dayis 50, wanda ke kashe armashin faɗa. A tara dayis ɗin lido goma a kofi ɗaya, ko a amince da 35 da 17 a wuce. Dayis mai fuska ashirin wahalar samu gare shi a nan, manhajar waya tana maye gurbinsa. A sayi kwali mai launi a shagunan kayan rubutu na Samaru, a yanka bakwai, a rubuta lahani a gaba, mabuɗi a baya, duk labulen da ya faɗi a kife katinsa.

Shin a saya? Ga mai jan wasa da ke da tebur mai ɗorewa, e, amma ya duba cewa bugun baya ne mai gyare-gyare. Ɗalibin Samaru ko Kongo da ke son gwadawa kawai, kada ya taɓa kuɗin abincinsa: kundin dokoki na kyauta, SRD 5.1, wanda kamfanin ya saki ƙarƙashin lasisin Creative Commons a Janairun 2023, yana ɗauke da wannan sihirin, masu fotokwafi na bakin jami'a za su buga masa shafukan da yake so. Wanda kuma zai kashe dala ko ta yaya, ya san akwai sabon bugu na 2024, inda lahanin kowane labule daga biyar na farko ya koma dayis 12, aka kuma ba katangar makin sulke 10, wanda ya kashe musun ko ana iya harbinta. Kada a haɗa bugu biyun a tebur ɗaya ba tare da an tsai da wanda za a bi ba tun kafin a fara.