Kwas ɗin Haskell da na saya a intanet: farkonsa ya burge ni, ƙarshensa ya ɓata min rai

Malaminmu ne ya ce duk mai son gane salon rubuta manhaja da fankshin zalla ya fara da Haskell, wani yaren rubuta manhaja, shi ya sa na biya kuɗin wannan kwas. Yaren Python na iya, hannuna ya saba da for da while da ake maimaita aiki da su, to a nan babu su, kuma in ka ba x daraja ta zauna kenan, ba a canza ta.

Darasin jerin lambobi shi ya saye ni. Mai koyarwar ya ce a buɗe GHCi, inda ake gwada umarnin Haskell kai tsaye, a rubuta take 5 (filter even [1..]), wato a tace lambobin da ke rabuwa da biyu a ɗauki biyar na farko. Wannan [1..] fa jeri ne daga ɗaya har illa ma sha Allahu, ba shi da ƙarshe. Na ɗauka kwamfutar za ta sandare. Ina danna maɓalli sai ga [2,4,6,8,10] nan take. Wallahi sai da na miƙe tsaye. Ashe Haskell ba ta lissafa komai sai an buƙace shi, biyar aka nema, biyar ta samo ta tsaya. Mutumin bai yi gaggawa ba, ya bi layin a hankali yana nuna inda kowace lamba ke shiga filter ta fito ko ta faɗi. Daga nan map da foldr, wasu fankshin na aiki da jeri, suka zauna min, har na koyi sa :t kafin kowane fankshin don in ga nau'insa. A lokacin da an tambaye ni, tauraro biyar zan ba shi.

Amma da aka zo monad, wato tsarin haɗa ayyuka ɗaya bayan ɗaya a Haskell, sai ka ce wani ne daban ya karɓi ajin. Ya ɗan yi bayanin monad ɗin Maybe, na darajar da ƙila akwai ƙila babu, na IO kuwa, wato na shigar da bayanai da fitar da su, bidiyo ɗaya gajere, sai ga alamar >>= da ake haɗa ayyukan da ita ta faɗo ba gabatarwa. Na'urar duba aikin gida ma "ba daidai ba" kawai take cewa, ba ta nuna gwajin da ka faɗi. Na aika tambaya, har yau shiru, alhali an rubuta akwai mai amsa wa ɗalibai cikin abin da muka biya. Wannan ya ƙona min rai sosai, domin daidai wurin da ɗalibi ya fi buƙatar a riƙe hannunsa ne suka sake shi.

Tauraro uku. Ɗan ajinmu ya tambaye ni ko ya saya, na ce ya saya, amma ya nemi wanda zai koya masa monad tun kafin ya kai can.