Wayar Ofis ta Intanet a Karkara: Wace SBC Ce Ta Dace da Kai?

Masu injin casar shinkafa a Kura da Haɗejiya, dillalan riɗi a Maigatari, asibitocin kuɗi da makarantun kwana, da yawansu sun gaji da tsarin da kowane ma'aikaci yake amsa kiran abokan ciniki da wayar aljihunsa. Ranar da yaro ya bar aiki, da lambar yake tafiya, masu sayen ma su bi shi. Shi ya sa ake komawa wayar ofis ta intanet: lambar kamfani guda ɗaya, wayoyi a teburin manaja da sito da wajen sikeli da bakin ƙofa, dukansu a jone da akwatin rarraba kira, wato PBX. To in mai haɗa kayan ya kawo lissafi, sau da yawa sai ka ga ya saka wata na'ura wai ita SBC (Session Border Controller, mai gadin kira), kuɗinta kuma ba kaɗan ba. Tambayar da ya kamata ka yi masa kafin maganar farashi ita ce: wace matsala za ta warware mini a nan inda nake?

Aikin SBC irin na zaure ne. Baƙo ya yi sallama ya tsaya a nan, a ji abin da ke tafe da shi, ba ya ganin cikin gida. Duk kiran da zai shigo daga kamfanin da ya ba ka layi, ko zai fita zuwa gare shi, ta wurinta yake bi. Tana ɓoye adireshin intanet na na'urorinka, tana korar wanda ba a sani ba, tana gyara saƙonnin da PBX ɗinka da kamfanin layi ba su fahimci juna a kai ba, tana ƙayyade yawan kiran da zai gudana a lokaci guda. Ka'idar da ake ƙulla kiran da ita, SIP, an tsayar da sigarta ta yanzu tun 2002, kuma tana da hali guda da yake jawo yawancin ciwon kan: hanyar ƙulla kira daban, hanyar da murya take bi daban. Ƙullawa ta ƙofa mai lamba 5060 ake yi, ko 5061 in an rufe saƙon da TLS, tsarin kulle saƙo don kada wani ya karanta shi a hanya, murya kuwa tana bin wasu ƙofofin da ake zaɓa a lokacin kiran.

Abin da wannan yake haifarwa na gan shi a wani injin shinkafa da ke gefen Kadawa. Waya ta yi ƙara a ofis, akawu ya ɗauka, yana ta "Alhaji barka da rana, ina jin ka, Alhaji?" Shi kuwa Alhajin daga can Dawanau shiru yake ji, sai ya kashe ya kira wayar aljihun manaja yana faɗa. Wani lokacin kuma magana ta yi daɗi, ana tsakiyar faɗin farashin buhu, kira ya yanke, kuma kullum a daƙiƙa ta 32. Wannan lambar ba tsautsayi ba ce. Idan an ɗauki waya, na'urar tana aika saƙon "na ɗauka", sai ta jira amsar "na ji". In amsar ta ɓace a hanya, ka'idar SIP ta ce a yi ta maimaitawa har daƙiƙa 32 sannan a katse. Duk sanda ka ga haka, kusan kullum adireshi ne bai daidaita ba, ba ƙarancin data ba.

Dalilin rashin daidaituwar kuwa shi ne irin intanet ɗin da muke da shi. A cikin birnin Kano kamfani zai iya jan waya ta fayiba a ba shi adireshinsa na kansa wanda ba ya canzawa. A Bunkure ko Ringim ko Kafin Hausa, abin da yawanci ake da shi shi ne rauta mai layin MTN ko Airtel, ko kuma Starlink, intanet na tauraron ɗan'adam, wanda ya fara aiki a Najeriya a watan Janairun 2023. Dukansu a tsarinsu na gama-gari suna haɗa masu amfani da yawa ne a bayan adireshi ɗaya. Ma'ana, wanda yake waje ba shi da hanyar ƙwanƙwasa ƙofarka kai tsaye, ko da ka buɗe ta a rautarka. Wannan batu shi ya fi komai yanke hukuncin abin da za ka saya, kuma shi ne masu sayar da kaya suka fi tsallakewa.

Saboda haka kafin ka duba kowace na'ura, kira kamfanin da zai ba ka layin SIP. Tambaye su ko layin yana aiki da suna da kalmar sirri, ta yadda na'urarka ce za ta riƙa kai kanta gare su, ko kuwa sai da tsayayyen adireshi. Tambaye su wane salon matse murya suke karɓa, da yadda suke son a rubuta lamba: da sifili a gaba, ko da 234. Ka kuma tabbatar suna da lasisin hukumar sadarwa ta NCC. Wani zai kawo maka shawarar akwatin da ake cusa wa layukan waya birjik don kira ya fita da araha. Yi hattara da wannan, domin NCC ta daɗe tana yaƙi da masu amfani da irin akwatunan nan wajen shigo da kiran ƙasashen waje a matsayin na gida, kuma kamfanonin waya suna rufe layin da suka ga yana aiki irin haka.

Zaɓi na farko, wanda mai sayarwa ba zai so ya faɗa maka ba, shi ne kada ka sayi SBC ɗin daban. Idan wayoyinka ba su wuce goma sha ba, a gini ɗaya suke, layin SIP ɗinka ɗaya ne kuma mai kalmar sirri, akwatin PBX irin na Yeastar ko jerin UCM na Grandstream, ko FreePBX a kan ƙaramar kwamfuta, zai riƙe ka. Tunda akwatin ne yake fita ya nemi kamfanin layi, ba sai ka buɗe wa duniya ƙofa ba. Ga ƙaramin asibiti ko makaranta, nan nake tsayawa, ragowar kuɗin a sa a batir.

Na biyu shi ne akwatin SBC na ƙarfe da ake girkawa a ofis. Sanannun su ne Mediant 500 da 800 na AudioCodes, SBC 1000 na Ribbon, da CUBE na Cisco wanda yake zaune a cikin rautocinsu. Oracle, da ya sayi Acme Packet a 2013, kayansa sun fi karkata ga bankuna da manyan kamfanonin sadarwa. Kyawun akwati shi ne yana gabanka, kuma wasu samfuran suna da ramin jona layi na biyu ko tsohuwar waya mai igiya, sannan suna iya riƙe kiran cikin gida in intanet ya ɗauke, sito ya ci gaba da samun ofis. Amma akwai abubuwa uku da nake so mai saye ya sani. Kuɗin akwatin ba shi ne ƙarshen kuɗi ba, domin lasisi ake saya gwargwadon kiran da zai gudana lokaci guda, sauya salon murya ma galibi da nasa lasisin, kuma duka da dala ne. Sannan yawancin irin waɗannan na'urori an ƙera su ne don ɗakin da zafinsa bai wuce digiri 40 ba, mu kuwa a watan Afrilu ɗaki mai rufin kwano yakan wuce haka. Ga ƙurar hunturu, ga dusar shinkafa. Na taɓa buɗe wata na'ura a ofishin da ke jikin injin casa, fankarta ta daskare da dusa har ba ta juyawa, allon ciki ya yi zafin da ba a iya taɓa shi. In za ka saya, nemi marar fanka, ko ka ware mata ɗaki mai rufe. Na uku, in ba ka da tsayayyen adireshi, rabin abin da ka biya wa kuɗi ba zai yi maka aiki ba.

Na gwanjo fa? Ana samun su da araha, sai dai lasisin galibi a ɗaure yake da lambar jikin na'urar, sabunta manhajarta kuma sai da yarjejeniyar kulawa da kamfanin. Na'urar tsaro da ba a sabunta ta, ban ga amfaninta ba.

Zaɓi na uku shi ne SBC ta manhaja a kan saba, wato kwamfutar da ake haya a intanet, kuma a ganina ita ta fi dacewa da kamfanin da yake da rassa, misali ofis a Kano, injin a Haɗejiya, wurin saye a Maigatari. Sabar tana da tsayayyen adireshi, kamfanin layi ita yake gani. Kowane reshe sai ya haƙa ramin sirri zuwa gare ta, misali da WireGuard a kan rautar MikroTik, kuma tunda daga ciki ake fita, matsalar adireshin haɗaka ta kau. AudioCodes da Ribbon duk suna da sigar manhaja ta SBC ɗinsu. Abin lura a nan shi ne inda sabar take. Ƙungiyar sadarwa ta duniya ITU ta ba da shawarar kada jinkirin murya daga baki zuwa kunne ya wuce milisakan 150. Idan sabar tana Turai, kiran da ya tashi daga Gumel zuwa Dutse sai ya je can ya dawo, mutane su riƙa cin karo da juna a magana. Wanda ya ga abin da ya faru ranar 14 ga Maris 2024, lokacin da wayoyin ƙarƙashin teku da dama suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet ya yi rauni har bankuna suka ji a jikinsu, zai gane dalilin da ya sa nake cewa a nemi sabar da ke cikin Najeriya, ko da ta ɗan fi tsada.

Akwai kuma na kyauta: Kamailio ko OpenSIPS tare da RTPengine, ko FreeSWITCH. Manyan kamfanoni na aiki da su, ƙarfinsu ba a magana. Amma babu allon dannawa mai sauƙi, rubutu ake yi layi-layi. In injiniyanka ya iya, madalla. In shi kaɗai ya iya kuma ya samu aiki a Abuja, ka shiga uku. Sai ka tambayi kanka, in abin ya tsaya ranar Asabar da daddare ana tsakar kakar shinkafa, wa zai gyara, daga ina zai taso?

Abu biyu a taƙaice. Abin da 3CX, masu manhajar PBX, suke kira SBC ƙaramar manhaja ce, ko a 'yar ƙaramar kwamfutar Raspberry Pi tana zama, aikinta kawai ta haɗa wayoyin reshe da PBX ɗin 3CX da ke nesa, ba ta maye gurbin waɗanda na ambata. Idan kuma da Microsoft Teams kuke so ku riƙa kiran lambobin waya ta layinku, ba ku da zaɓi sai SBC da Microsoft ya tantance, da sunan yanki na intanet, da takardar shaidar TLS.

Wajen girma, kada ka ƙirga wayoyi, ƙirga kiran waje da ake yi a lokaci guda sa'ar da kasuwa ta fi ci. Ofis mai waya talatin zai yi wuya ya wuce takwas ko goma. Kira ɗaya da G.711, salon da muryarsa ta fi ta G.729 fita tas, yana cin kusan kilobit 87 a daƙiƙa ta kowane ɓangare, G.729 kuwa kusan 31. Kira goma ke nan bai kai megabit ɗaya ba. Ba yawan data murya take so ba, nutsuwar layi take so, domin ana aika ta gutsure-gutsure ne, sau 50 a daƙiƙa. Yaro ɗaya da ke kallon bidiyo a wayafai ɗin ofis ya isa ya sa ta riƙa tsinkewa, sai dai in an saita rauta ta ba murya fifiko, ko a ware wa wayoyi layinsu.

Ko wacce ka zaɓa, saitin shi ne rabin cinikin, kuma ya kamata ya shiga cikin yarjejeniya a rubuce. A kashe SIP ALG a rauta, wani ɗan taimako ne da yake ɓata saƙonni fiye da yadda yake gyarawa. Kada SBC ta saurari kowa sai adireshin kamfanin layi da na rassanka. A canza kalmar sirrin da ta zo da ita. A rufe kiran ƙasashen waje gaba ɗaya, sai ƙasashen da kuke hulɗa da su, Nijar ko Saudiyya ko Sin, a buɗe wa wayoyin da aka yarda da su kaɗai. Wannan ba tsoron banza ba ne: akwai manhajoji irin su SIPVicious da ake sakin su suna lalube ƙofar 5060 dare da rana, in suka samu shiga sai su kwana suna kiran lambobi masu tsada a wasu ƙasashe, kai ne da biyan kuɗin. Shi ya sa na fi son layin da ake biya kafin a yi amfani, ko wanda aka sa wa iyakar kuɗi a rana. A kuma daidaita rubutun lambobi, har da na wayoyin girke, tunda daga farkon 2024 NCC ta ƙara 02 a gabansu, 064 na Kano ya koma 02064. In kuna naɗar kira, a sanar da mai kira, domin dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta shafe ku.

Wuta kuwa, kada a dogara da KEDCO ko janareta kaɗai. Rauta da PBX da SBC da abin da yake ba wayoyin wuta duk su hau inbata ɗaya mai sola, domin ɗaukewar daƙiƙa biyu yayin sauya layi tana kashe duk kiran da ake yi, na'urorin kuma su ɗauki mintuna kafin su dawo.

Kada ka biya cikon kuɗi ranar da aka girka. Ka sa a kira lambar daga layin MTN da Airtel da Glo da T2 (tsohon 9mobile) ɗaya bayan ɗaya, kowane kira ya wuce minti ashirin, a ajiye mai kira a jira a dawo da shi, a tura shi wata wayar. A zare layin intanet na farko a ga ko na biyu zai karɓa. Sannan a maimaita gwajin da yamma bayan magariba, lokacin da sabis ɗin garin ya fi cunkushewa, kuma injiniya ya miƙa maka kwafin saitin da kalmomin sirri a hannunka kafin ya hau mota.