Osmo Action 4 ko HERO12: wacce za ta iya da keke, ta kuma iya da ɗaki?

Mai neman kyamara ɗaya da zai ɗaura a keke da safe, ya kuma ɗauki ɗan gajeren fim da ita a gida da yamma, yakan tsaya ne tsakanin DJI Osmo Action 4 da GoPro HERO12 Black, waɗanda duka suka fito a 2023. A rana tsaka, bambancinsu bai taka kara ya karya ba. HERO12 ta ma fi yawan ƙwayoyin hoto, tana kaiwa 5.3K, ita kuwa Action 4 a 4K ta tsaya. Sai an shiga inuwa ake gane wadda ta fi: sensar Action 4, wato fallen da ke karɓar haske, inci 1/1.3 ce, ta HERO12 kuwa 1/1.9, wato ta Action 4 ta fi girma. Bayan magariba, ko a falo mai ƙwan lantarki ɗaya, hoton Action 4 ya fi tsabta, dusar da ke cika wuraren duhu ba ta kai ta ɗayar ba. Wannan kaɗai ya isa a zaɓe ta idan rabin aikin a cikin gida ne.

A kan keke, inda aka ɗaura kyamara ya fi sunan kamfaninta muhimmanci. Ƙahon keke shi ne wuri mafi muni a hanya mai gargada, domin duk ramin da taya ta faɗa, girgizar kai tsaye take isowa. Manhajar daidaita hoto (RockSteady a DJI, HyperSmooth a GoPro) tana shanye babban tangaɗi, amma ƙananan karkarwar nan takan bar hoto yana motsi kamar kunu a kwano. Hular kwano ta fi laushi, sai dai duk waiwayen mahayi yana shiga fim, kuma daga sama tudu yakan zama kamar fili. Ƙirji ya fi: ana ganin hannaye da ƙaho, mai kallo yana jin gudun. Kuskuren da aka fi yi shi ne saita ta a tsaye. Da an sunkuya kan keke sai ta koma kallon taya. A saita ta ana zaune a kan sirdi, a ɗaga bakinta sama, in ta kama a juya ta kai ƙasa, ita da kanta za ta miƙe hoton.

Maɗaurin Action 4 na maganaɗisu ne da ƙugiyoyi biyu, cire ta daga ƙirji zuwa sanda daƙiƙa biyu ne. A tabbata an ji ƙugiyoyin sun ce ƙas ta ɓangarorin biyu, maganaɗisun kaɗai ba zai riƙe ta a rami ba. HERO12 sai an kwance noti an ɗaure, amma tana da ramin ɗaura ta kan ƙafa uku a gindinta, abin da mai fim a gida zai yaba. Mai son ganin gudunsa a kan bidiyo ya sani: HERO12 ba ta da GPS, sai a HERO13 aka dawo da shi, Action 4 kuma sai an sayi rimot ɗinta mai GPS daban.

Batir ɗin Action 4 mAh 1770 ne. Mintuna 160 da ake faɗa a 1080p aka auna su, da allo a kashe. Wanda zai ɗauki 4K ya tanadi na biyu. Zafi ma haka yake: a kan keke iska na sanyaya jikinta, amma a ajiye ta a ɗaki da bazara tana ɗaukar 4K a hoto 120 cikin daƙiƙa, kowace irin wannan kyamara za ta iya kashe kanta. A sauko zuwa 25, a kawar da ita daga rana. Memori kuma ya zama mai alamar V30, daga hannun da aka yarda da shi, domin na jabu ne ke yanke ɗauka a tsakiya. A mafi girman inganci, minti ɗaya na cin kusan giga ɗaya, ke nan 128GB wajen awa biyu ne.

Cikin gida akwai tarko uku. Wutar Najeriya da Nijar 50Hz ce, don haka a ɗauka a hoto 25 ko 50 cikin daƙiƙa. Idan aka bar ta a 30 ko 60, fitila za ta riƙa ƙyaftawa a hoton (janareto da ba ya tafiya daidai yakan jawo hakan ko an saita). Na biyu, idon kyamarar ba ya matsowa: abin da ya fi santimita 40 kusa da Action 4 zai fito dishi-dishi, saboda haka ɗaukar hannun mai girki daf da daf ba aikinta ba ne, waya ta fi ta. Faɗin ganinta digiri 155 ne, yana lanƙwasa bango yana kumbura hancin wanda ya matso. A zaɓi yanayin da ke miƙar da layuka. Na uku, a duhu daidaita hoto na jawo wata irin rawa a gefen abubuwa, domin kyamarar na jinkirta ƙiftawa ta tara haske. In tana kan ƙafa uku, a kashe daidaita hoton kawai.

Sauti shi ne rauninsu duka. Iska na cinye magana da zarar keke ya ɗau gudu, sai an rufe makirfon da soso ko an maƙala ƙarami a kwala. Ƙaramin makirfo mara waya na DJI Mic 2 na haɗuwa da Action 4 ta Bluetooth. Da hunturu kada a goge gilashin da bakin riga, ƙurar za ta karce shi. A hure tukuna, sannan a sa ƙyalle mai laushi. Murfin gilashin yana ciruwa a duka biyun, sayen na ajiya ya fi arha a kan gyara. Mai wayar Android kuma ya shirya data: Action 4 sai an yi mata rajista da manhajar Mimo, kuma daga shafin DJI ake sauke ta, ba daga Play Store ba.