Zama goma sha biyu a ɗakin mai sauraro

Bayan na haifi ɗana na uku, na yi wata huɗu ba na samun barci sai gab da asuba. Abinci ya fita raina, kukan yaro kuwa sai in ji kamar ana sara min kai. An yi min ruƙiyya, Hajiyarmu ta ce wahalar jego ce, za ta wuce. Wata ƙawata ma'aikaciyar jinya ce ta kai ni wani ƙaramin asibiti mai zaman kansa a Kaduna, inda wata masaniyar halayyar ɗan adam ke ganin mutane sau biyu a mako.

Ranar farko ta yi min tambayoyi tara na takardar PHQ-9, wadda ake auna ciwon damuwa da ita, ta ce ciwon damuwa ne haɗe da fargaba. Hanyar da za mu bi, in ji ta, ita ce CBT, wato gyaran tunani da ɗabi'a, wadda likitan ƙwaƙwalwa Ba'amurke Aaron Beck ya ɓullo da ita a shekarun 1960. Ta ce tunaninki da abin da zuciyarki ke ji da abin da kike aikatawa suna jan juna ne, in kin taɓa ɗaya sauran sai su motsa.

Abin da ya sa nake yaba mata shi ne ba ta ɗora min tsarin yadda yake a littafi ba. A ƙa'ida, mara lafiya kan rubuta munanan tunaninsa a takarda. Ni da goyo a baya, ga tsoron kada wani a gida ya karanta, ina zan iya? Sai ta ce in riƙa naɗar muryata a waya, mu saurara tare, in goge. Ayyukan da ta ba ni ma da lokutan salla ta ɗaure su: bayan la'asar in fita tsakar gida minti goma, bayan magariba in kira Yayata. Ta ce a Rawalpindi ta Pakistan an yi wa masu ciki da masu jego irin wannan sauƙaƙawar, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da littafin tsarin a 2015.

Tunanin da ya fi cin raina shi ne raunin imani ne ya jawo min. Ba ta yi min wa'azi ba. Cewa ta yi, "Hajiya, da ƙanwarki ce ta zo miki a haka, za ki ce imaninta ne ya yi rauni?" Na daɗe ban ba ta amsa ba.

Wurin yana da nasa aibin. Takardun duk da Turanci suke, sai ta fassara da baki. Ana jiran layi a fili, kowa na ganin wanda ya shiga ɗakinta. Kuɗin zama ɗaya kuma ya kusa cefanen mako guda.

Na tambaye ta game da ƙanina, mai saurin fushi da yanke zumunci tun ƙuruciya. Ta gaya min gaskiya: idan matsalar hali ce da ta zama jiki, zama goma sha biyu irin nawa ba zai isa ba. Akwai tsarin DBT, na koyon sarrafa fushi da zafin zuciya, da masaniyar halayyar ɗan adam Marsha Linehan ta gina a kan CBT, yakan kai shekara, har da zaman rukuni, kuma su ba sa yin sa. Ta ce a fara kai shi babban asibitin ƙwaƙwalwa a duba shi, kuma mun sa ranar zuwa.