Ɗakin Shayi, Saƙa da Karatu na Hutun Kirsimeti a Katsina: Abin da Na Tarar

Tun da aka shiga watan Disamba maƙwabciyata, wadda ma'aikaciyar jinya ce 'yar asalin Malumfashi kuma mabiyar addinin Kirista, take ba ni labarin wani shago da ke wajejen Ƙofar Ƙaura, inda a sauran watannin shekara ake sayar da kayan shayi da littattafan makaranta, amma da zarar an ba yara hutun ƙarshen shekara sai mai shagon ta share ɗakin da ke baya, ta shimfiɗa tabarmi, ta mai da shi wurin shan abin ɗumi da aikin hannu da karatu har zuwa sabuwar shekara. Da yake gani ya kori ji, na je har sau uku: sau biyu da la'asar tare da 'ya'yana da nata, sau ɗaya kuma ni kaɗai bayan magariba a ranar 26 ga wata, wadda ita ma ranar hutu ce a Najeriya kamar ta 25.

Duk wanda ya san Katsina a wannan lokaci ya san cewa abin da mutum yake nema da yamma shi ne mafaka daga iskar hunturu, wadda ke kaɗowa daga arewa maso gabas ɗauke da ƙurar Sahara, ta busar da leɓɓa, ta tayar da faso a dugadugai. Ɗakin ya ba da wannan mafakar. An rataye labule mai kauri a ƙofa, an yayyafa ruwa a tsakar gidan don ƙura ta kwanta, kuma abin da ya fi burge ni shi ne an ajiye kaskon gawayi a waje ƙarƙashin rumfa, ba a shigar da shi ciki ba. Da na yaba da hakan, mai shagon ta ce mini, “Malama, gara yara su ji ɗan sanyi da a rufe su da hayaƙin gawayi.” Ta yi gaskiya, domin gawayin da ke ci a ɗakin da iska ba ta ratsawa yana fitar da guba marar wari, wadda ke iya hallaka mutum ba tare da ya farga ba.

A kan abin sha ne shagon ya fi cancantar yabo, kuma saboda shi ne na koma a karo na uku. Zobon da take yi mai zafi ake shan sa, saɓanin wanda muka saba saye a ƙulle cikin leda da ƙanƙara lokacin bazara. Tana tafasa shi da citta da kanumfari da kirfa da ɓawon lemu, ta rage sukari ƙwarai, ta bar tsaminsa ya fito, sannan ta zuba shi a kofin tangaran yana tururi. Sabon zobo ne na bana, wanda ba a daɗe da tsinko shi daga gona ba, shi ya sa launinsa ya yi ja wur maimakon baƙin da tsohon zobo kan yi. Maƙwabciyata ta yi dariya ta ce a kasuwannin Kirsimeti na Jamus ma abin da ake sha ke nan don korar sanyi, sai dai su da giyar inabi suke dafa kayan ƙamshin, mu kuwa Allah ya hutar da mu da abin da ke fitowa a bayan gari, wanda Musulmi da Kirista za su zauna su sha a tabarma ɗaya.

Kunun gyaɗarta ma ba ya da makusa. An markaɗa gyaɗar an tace ta sosai, an dafa ta da 'yar shinkafa har ta yi laushi, an kuma tsinka da ruwan tsamiya daidai gwargwado, ta yadda kunun bai tsinke ba kuma bai zama fate ba. Ƙaramin ɗana, wanda a gida sai an yi da gaske yake shan kunu, ya shanye kofi biyu yana lasar cokali. Shayin kayan ƙamshi kuwa, wanda ake haɗawa da ganyen shayin tsaunin Mambila da masoro da kimba da na'a-na'a, ya ɗan gaza a wajen citta. Mai shagon ba ta ɓoye dalili ba: tun bayan cutar da ta lalata gonakin citta a kudancin Kaduna a 2023, inda mafi yawan cittar ƙasar nan ke fitowa, farashinta ya yi tashin da ya sa dole take auna ta da hankali. Na karɓi uzurin, amma a ganina da ta ƙara kuɗin kofin kaɗan ta saki hannu, domin shayin hunturu in bai yi yaji a maƙogwaro ba, ruwan zafi kawai aka sha. Akwai Milo da madara ga yaran da ba su son komai sai shi, kuma babu abin faɗa a kansa.

Ban so shayin Buzaye da aka ba ni a daren 26 ga wata ba. Wanda ya saba da shi ya san cewa sau uku ake dafa ganyen a ƙaramar buta, na farko mai ɗaci, na biyu matsakaici, na uku mai zaƙi, ana ɗaga buta sama ana zubawa har kumfa ta taru. A nan an dafa shi sau ɗaya an juye a fulas, wanda hakan ya kashe kumfar ya kuma bar ɗacin kawai. A garin da ke maƙwabtaka da Maraɗi, inda masu wannan shayi suke a bakin kusan kowace kasuwa, wannan kuskure ne da ba ya da wuyar gyarawa.

Aikin hannun kashi biyu ne, kuma bambancinsu a fili yake. A gefe guda akwai wata dattijuwa da yara ke kira Inna, wadda ke koya wa 'yan mata saƙa da kwarashi da zaren ulu, suna yin hular sanyi da safar jarirai. Tana da haƙuri, ba ta karɓe aikin daga hannun yarinya don ta gyara mata, sai dai ta ce, “Warware, 'yar nan, ki sake ƙirga idon.” A kusa da ita wani saurayi yana nuna wa yara maza yadda ake fere karan dawa, a yi amfani da ɓawonsa da totuwarsa a haɗa mota da tabarau, kamar yadda muka ga yayyenmu suna yi bayan girbi. Sabon abin da ya ƙara shi ne tauraro mai tsini biyar da ake ɗaurewa da zare, wanda 'ya'yan maƙwabciyata suka ce za su rataye a falo don tunawa da tauraron da ya jagoranci masanan gabas zuwa Baitalami, nawa kuwa suka liƙa nasu a jikin motar kara suka ce fitila ce. A ɗaya gefen an tara kayan ƙyalƙyali na roba da takardu masu walƙiya da aka sayo a kasuwa, ana liƙa su a kan kwali da sunan katin gaisuwa. Gam ɗin ba ya kamawa saboda bushewar iska da ƙura, ƙyalƙyalin kuma ya bi mu har cikin tuwon dare. Kuɗin wannan ɓangaren ya fi na karan dawa, amfaninsa kuwa bai kai rabinsa ba.

Sashen karatu ne ya fi ba ni takaici, wataƙila don aikina koyarwa ne. Kantar littattafan ba ta da laifi a ido, amma yawancin littattafan yara da ke kanta na gwanjo ne daga Ingila da Amurka, cike da hotunan dusar ƙanƙara da barewar da ke jan keke da tsoho mai jar riga yana shiga gida ta bututun hayaƙi. 'Yata ta tambaye ni dalilin da ya sa mutumin bai yi sallama ta ƙofa ba, na rasa amsar da zan ba ta. Ba na cewa a hana yara sanin yadda wasu ƙasashe suke biki, sai dai ɗakin da ya san ya dafa zobo ya kuma fere kara bai kamata ya manta da harshen masu zama a cikinsa ba. Na ƙirga littattafan Hausa ban cika yatsun hannu biyu ba. Akwai Littafi Mai Tsarki, wanda aka fara buga cikakkiyar fassararsa ta Hausa tun 1932, kuma na ji maƙwabciyata tana karanta wa 'ya'yanta labarin haihuwar Almasihu daga sura ta 2 ta Luka cikin murya ƙasa-ƙasa, ba tare da ta takura wa kowa ba. Akwai kuma tsohon kwafin Ruwan Bagaja da bangonsa ya yage, littafin da Abubakar Imam ya rubuta yana malamin makaranta a nan Katsina aka buga shi a 1934. Abin kunya ne a ce a garin da aka rubuta shi kwafi ɗaya tak ake da shi, shi ma shafukan ƙarshe sun ɓace.

Abin da ya ceci sashen shi ne Inna. Da duhu ya fara, wuta kuma ta ɗauke kamar yadda ta saba, sai ta ajiye kwarashi ta ce, “Ga ta nan, ga ta nanku,” yara kusan ashirin suka amsa da “Ta zo mu ji ta” ba tare da an koya musu ba. Ta yi musu tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi a hasken fitila mai caji, har manyan da suka zo ɗaukar 'ya'yansu suka tsaya a bakin ƙofa suna saurare. Wannan ba ya cikin abin da aka biya kuɗinsa, kuma ba kullum take yi ba, sai ranar da ta ga dama.

Game da hidima, mutum biyu ne kacal ke kula da abin sha, saboda haka idan ɗakin ya cika akan jira kofi ya dawo daga wanki, kuma sau biyu ana rasa canjin da za a ba ni. Farashin kofi ya fi na mai shayin bakin titi, amma bai kai na gidajen abinci na unguwar GRA ba, zama da karatu kuwa kyauta ne ga wanda ya sayi abin sha. Wanda zai je da yara ya isa da an idar da sallar la'asar, kafin tabarmin kusa da Inna su cika, ya sa musu rigar sanyi saboda komawa gida, ya kuma riƙe ƙananan kuɗi. Ni dai na yi wa mai shagon alkawarin kwali guda na littattafan Hausa da ke jibge a ɗakina, ta ce in na kawo su za ta biya ni da zobo har ƙarshen Janairu.