Wata shida da tsohuwar laftof ɗin Yaya, bayan na sa mata SSD da Linux Mint

Ranar da Yaya ya miƙo mini ita cewa ya yi, "Ƙanena, duba ka gani ko akwai abin da za ka ciro a jikinta, sauran ka yar." Laftof ce ƙirar 2011, mai Intel Core i5 na ƙarni na biyu, RAM gigabait 4, da faifan ajiya irin na da, mai juyawa. Na kunna ta, na zauna ina kallo. Sai da ta ci kusan minti uku kafin fuskarta ta gama buɗewa, sannan aka ƙara wani jiran kafin linzami ya fara jin magana. Ƙasanta ya ɗau zafi, fanka tana ta gurnani. Gaskiya ban ga laifin Yaya ba.

Ga kuma maganar manhaja. Windows 10 ce a kanta, wadda aka rufe tallafinta na yau da kullum ranar 14 ga Oktoban 2025. Windows 11 kuwa tana neman wani guntun tsaro mai suna TPM 2.0, da firosesa na Intel daga ƙarni na takwas zuwa sama, in ban da 'yan kaɗan. Tamu ta ƙarni na biyu ce, ko kusa ba ta je ba. Manyan zaɓi biyu ne suka rage: ko a ci gaba da hawa intanet da ita babu sabuntawar tsaro, ko a sauya mata babbar manhaja gaba ɗaya.

Kafin in taɓa manhaja sai na fara da sukundireba. A nan ne na gano an daɗe ana ɗora wa tsufa laifin da ba nasa ba. Tsohon faifan nan yana da faranti a ciki da ke juyawa sau 5,400 a minti, da wani ɗan hannu da ke kai-kawo yana laluben fayil ɗaya bayan ɗaya. Duk saurin firosesa, dole ya tsaya ya jira wannan hannun. SSD, wato sabon nau'in ma'ajiyar da ke maye gurbin faifan, ba shi da abin da ke motsi ko ɗaya a cikinsa, don haka babu wannan jiran. Na sami mai gigabait 240, irin na SATA mai inci 2.5, wanda ya shige gurbin tsohon cif, kamar don shi aka yi gurbin. Kusa ɗaya na kwance na buɗe murfin. Na ƙara RAM ɗin DDR3 ya zama gigabait 8. Abin da na ciro a bakin fanka kuwa, ƙura ce ta dunƙule kamar audugar katifa, ta toshe hanyar iska ruf. Na share, na goge busasshen man da ke kan firosesa na shafa sabo. Gurnanin nan ya ragu tun kafin a je ko'ina.

Wanda duk zai yi abu ɗaya tak ga tsohuwar kwamfutarsa, to ya sa SSD. Sauran duk ƙari ne.

A madadin Windows, babbar manhajar Linux Mint 22 na zaɓa, nau'in Xfce, don shi ya fi sauƙin nauyi a cikin nau'o'insu uku. Ya fito a 2024, an gina shi a kan Ubuntu 24.04, kuma za a ci gaba da aiko masa da sabuntawa har 2029. Kyauta ake sauke shi, fayil ɗin bai kai gigabait 3 ba. Na zuba shi a filashi da manhajar Rufus. Abin da ya fi kwanta mini a rai shi ne ana iya tayar da kwamfuta daga filashin a gwada komai ba tare da an taɓa abin da ke ciki ba. Na gwada Wi-Fi, ya kama. Sauti ya fito, kyamara ta nuna fuskata, maɓallan ƙara haske sun yi aiki. Gani ya kori ji, sai na danna girkawa. Bai kai rabin awa ba aka gama.

Yanzu daga danna maɓalli zuwa fara aiki ba ta kai daƙiƙa talatin. Fuskar ba baƙuwa ba ce ga wanda ya saba da Windows: ga maɓallin jerin manhajoji a kusurwar hagu ta ƙasa, ga agogo a dama. Burauzar Firefox da LibreOffice na rubuta takardu suna zuwa a ciki. Akwai kuma Timeshift, mai ɗaukar hoton yanayin tsarin, yadda in ka yi ɓarna za ka iya komawa jiya. Ya cece ni sau ɗaya, lokacin da karambani ya sa na kwafi wani umarni daga intanet na liƙa ban san ma'anarsa ba, na wayi gari babu sauti. Wani abin da ban zata ba: a cikin jerin tsarin madannai akwai na Hausa, ɓ da ɗ da ƙ suna fitowa ba sai na je neman su wani wuri ba.

To amma fa shekara goma sha huɗu ba wasa ba ce, kuma akwai inda take nuna kanta. Bidiyo ne babban wurin. Firosesan wancan zamani yana da sashe na musamman da ke warware bidiyon da aka matse da tsarin H.264, amma bai san sababbin tsare-tsaren VP9 da AV1 ba, waɗanda su ake yawan amfani da su a intanet yanzu. Saboda haka da ƙarfin tsiya yake warware su. A 720p lafiya lau. Da na kai 1080p sai fanka ta tashi, hoto ya riƙa ɗan sarƙewa. In na buɗe shafuka sun haura goma sha biyar a burauza, nan ma sai ta fara nishi. Masu tace bidiyo da masu manyan wasanni, wannan ba hanyarku ba ce, kada ku wahalar da kanku.

Sai 'yan ƙananan abubuwa. Takardar da aka cika wa ado da jadawali a wata manhajar, wani lokaci layukanta kan ɗan goce in na buɗe ta a nan, shi ya sa duk abin da zan aika wa mutane nake mayar da shi PDF tukuna. Wata tsohuwar firinta da nake da ita ta cinye mini yammaci guda kafin ta yarda ta buga. Batir kuwa ya riga ya mutu tun a hannun Yaya, minti ashirin yake riƙewa, kuma babu manhajar da za ta tashe shi. Kuskuren da ya fi ba ni haushi nawa ne: na kwashe hotuna da takardu, na manta da kalmomin sirrin da ke ajiye a tsohuwar burauza. Allah Ya sa ban goge tsohon faifan ba. Na saka shi a wani ɗan gida mai wayar USB, na ciro abin da nake nema, yanzu shi ne rumbun da nake adana kwafin ayyukana.

Ban fara wannan aiki don kishin muhalli ba, in faɗi gaskiya, ƙyashin yar da abu mai rai ne kawai. Daga baya ne na ci karo da alƙaluman Majalisar Ɗinkin Duniya: a 2022 duniya ta tara sharar kayan lantarki tan miliyan 62, kuma kashi 22 cikin ɗari kacal aka tabbatar an tattara an sarrafa yadda ya kamata. A cikin irin wannan shara akwai dalma da zaiba. Shi ya sa mataccen batirin ma ban jefa shi a bola ba, yana ajiye har in kai shi inda ake karɓar irinsa.

Makon jiya Yaya ya zo ya tarar da 'yarsa tana buga aikin makaranta a kanta. Ya tsaya ya ƙura mata ido, ya juya ta ya ga tsohon karcen da ke bayan murfin.

"Wannan ba tawa ba ce?"

Na ce, "Taka ce da, Yaya. Ai cewa ka yi in yar."

Ya yi dariya, ya ce akwai wata a ƙarƙashin gado, ta matarsa, wadda ta fi wannan tsufa da shekara biyu. Na ce ya kawo ta da cajarta, in fara dubawa ko firosesanta 64-bit ne, don Mint 22 ba ya hawa kan mai 32.