Na'urar gwajin suga ta Accu-Chek Active: ta dace da makarantar ƙauye?

A jihar Ilinoi ta Amurka, tun 2019 doka ta ba makarantu damar ajiye gulukagon, maganin da ke farfaɗo da ɗalibin da suga ya faɗi masa har ya suma. Mu a ƙauyukan Jigawa, abin da hedimasta zai iya samu a kemis ɗin Dutse ko Haɗeja shi ne na'urar gwaji da kwalin suga. Idan akwai yaro mai ciwon suga da ke allurar insulin a makarantarku, wannan na'ura ta cancanci kuɗinta.

Ɗigon jini kaɗan take so, cikin daƙiƙa biyar ta ba da lamba, batirinta kuma ɗan faifai ne, CR2032, ba ruwanta da wutar lantarki. Ku duba ma'aunin kafin ku biya: wata tana nuna mg/dL, wata mmol/L, kuma ba a sauyawa. Ƙasa da 70 a ta farko, ko 3.9 a ta biyu, suga ya faɗi.

Rauninta a wajenmu zafi ne. Tsinkayen gwajin, waɗanda ake ɗiga jinin a kansu, ba sa son wuce digiri 30, ofis mai rufin kwano kuwa a watan Afrilu sai ka ce tanda. Tsinken da ya sha zafi, ko aka bar gwangwaninsa a buɗe, ƙarya zai yi muku. A ajiye a ɗaki mafi sanyi, nesa da taga, a riƙa duba ranar lalacewa. Haka yatsan da ya taɓa rake ko mangwaro yakan ɗaga lamba, a zaci lafiya lau alhali yaro na nitsewa. A wanke da ruwa, a goge ya bushe tukuna.

Yaron da ya yi allura bai karya ba, ya tako daga nesa, ya ƙara da ƙwallo lokacin tara, shi za ku gani yana gumi, hannu na karkarwa, yana amsa magana ba kan gado. Abin da ke damuna, a makarantun kwana na 'yan mata sau da yawa ana cewa iska ce, a tsaya jira. Don Allah a fara gwadawa.

Idan yana iya haɗiya, a ba shi giram 15 na suga: ƙwaya uku ta sugan kwali, ko rabin kofin lemon kwalba mai suga. Ɗan firamare ƙarami ƙwaya biyu ta isa. Bayan minti 15 a sake gwaji, in bai haura ba a maimaita, in ya haura a bi da biredi ko biskit. Na'ura ba ta kusa amma alamun sun bayyana? A ba da sugan kawai.

Wanda ya suma kuwa kada a ɗura masa komai, zai shaƙe. A kwantar da shi ta gefe, a nemi mota zuwa asibitin da ake ƙarin ruwa, a kira iyayensa a hanya.